Ranar da Baba Ya Rufe wa Kansa Hanya

Litinin: Kaduna zuwa Birnin Gwari

Na bar gidana da ke Tudun Wada ana kiran assalatu, jaka a kafaɗa, ledar burodi a hannu, maigidana Malam Isuhu yana biye da ni da nasiha har bakin titi. Nasihar guda biyu ce: kada in yi faɗa da direba, kada in yi faɗa da Baba. Na ce masa ta direba dai na ɗauka, ɗayar kuma ya taya ni da addu'a.

Idon mahaifina ne ya fito da ni. Da rani na kawo shi wurin likitan ido a nan Kaduna, aka ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Likita ya ba shi maganin ɗigawa, ya sa mana Alhamis ɗin makon nan don a yi masa aiki, ya kuma ja mini kunne cewa idan muka kuskure ranar, kada mu zo masa da kuka bayan damina. Baba ya ji duk wannan da kunnensa, ya yi wa likita godiya, ya shi masa albarka, ya koma ƙauye, ya daina ɗaukar wayata.

Ku da kuke zaune a Kaduna, idan aka sauya wa motocin haya hanya ko lokaci saboda damina ko azumi, a rediyo kuke ji, ku yi tsaki, ku ci gaba da shan kokonku. Mu a wajenmu ba rediyo ke sanarwa ba, ubana ke sanarwa. Zan yi muku bayani idan mun isa.

Keke ya sauke ni a Mando gari bai gama wayewa ba. Ɗan kamasho ya karɓi jakata da fara'a ya ce mutum ɗaya ya rage. Wannan mutum ɗayan muka zauna jira har rana ta fito ta fara dukan gilashi, kuma da ya zo sai ya zama mutum huɗu da buhun taki. Kuɗin mota ya hau tun zuwana na ƙarshe, kujerar kuwa ta ƙara matsewa. An cusa ni tsakanin wata mai goyo da wani mai sayar da takalman roba, wanda ya ɗora mini rabin hajarsa a cinya yana ta ba ni haƙuri.

Har Buruku ana hira: tsadar taki, wane ya rasu, wance ta haihu. Daga Udawa zuwa gaba sai hira ta fara mutuwa da kanta, domin duk wanda ya bi hanyar nan a shekarun tsoro jikinsa bai manta ba, ko da an ce masa yanzu da sauƙi. Daji ya yi kore shar, ciyawa ta fara tashi, kowa yana kallonta ta taga yana motsa leɓe. Mun wuce shingayen sojoji da dama. A kowanne direba ya rage gudu, a leƙo, a gaisa, a ɗaga mana hannu. Mai takalma, wanda ya cika mana kunne da labarin jarumtakarsa tun daga Mando, ya fito da carbi bai mayar ba sai da muka hango rufin kwanon Birnin Gwari. Tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce, amma ramukan titi sun sa mun shiga gari ana shirin azahar.

Ko ruwa ban tsaya sha ba na nufi ƙaramar tashar da motocin ƙauyuka ke lodi. Na tarar da wurin motar garinmu, Tsallake, wayam, ta tafi tun da hantsi. Ciyaman ɗin tashar, wani ƙaton mutum mai goro a kunci, yana ganina ya gane ni, ya sa aka jawo mini benci. Na tambaye shi ko gobe akwai mota, da kuma ƙarfe nawa za ta tashi. Ya dube ni kamar na zo sayen gishiri a wurin mai ƙira.

"Hajiya, ni za ki tambaya? Ai mu ma gidanku muke tambaya."

To ga yadda abin yake. Motocin tashar nan hanya biyu gare su. Da rani suna bin gajeriya, su ratsa rafinmu ta mashigi, su sauke mutanen Tsallake, su wuce ƙauyukan da ke bayanmu. Idan ruwa ya cika kuwa sai su zagaya ta wajen Tsohon Birnin Gwari a kan burji, su bar Tsallake da Allah har kaka. Zagayen yana da nisa, don haka ranar da aka koma hanyar damina komai na tashar sai ya motsa. Mai tashi da hantsi ta koma sassafe, mai zuwa sau biyu ta koma sau ɗaya. Har mutanen Kusasu, da ba ruwansu da rafinmu, sai lokacinsu ya sauya, don motocin duka ɗaya ne. Kuma idan an juya an juya, ko rafin ya janye washegari ba a dawowa.

Wa ke cewa a juya? Akwai wani baƙin dutse a tsakiyar mashigin. Muddin kansa yana waje, ko da faɗin yatsa ne, mota za ta ƙetare injinta bai sha ruwa ba. Ranar da ruwa ya rufe shi, hanya ta rufu. Tun ina yarinya Baba ne ke duba dutsen nan kowace safiya da zarar ruwa ya fara sauka. Da can mai keke yake turowa da saƙo, yanzu waya yake bugawa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa, kuma ba direban da ya isa ya tayar da mota zuwa Tsallake bai ji muryarsa ba.

Na tambayi Ciyaman ko ya san mai duba masa dutsen yana da ranar asibiti. Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin, Allah ya ba shi lafiya, amma in daure in bar musu shi har ruwa ya cika, ai abin ya kusa. Na tuna alkawarin da na yi wa Malam Isuhu. Ciyaman ba direba ba ne, amma na haɗa shi da su na ja bakina na yi shiru.

Na sauka a Magajin Gari wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ita take ce mini Mai sunan Inna, shi kuma Baba yake ce mini Uwata. Ta yi mini fate da yakuwa, ta zauna tana kallona ina ci, sannan ta ce na yi asarar kuɗin mota. Na ce ai ni uwarsa ce, dole ya ji maganata. Ta ce Innar ta ainihi ma ba ta taɓa juya shi ba, balle ta aro.

Talata: Birnin Gwari zuwa Tsallake

Da hantsi na tarar da tasha cike. An gama lodi, an ɗaure kaya, amma ba wanda ya shiga mota. Kowa ya kewaye teburin Ciyaman, wayarsa tana ajiye a tsakiya kusa da goro. Da ta yi ƙara ya buɗe ta kowa ya ji, sai ga muryar ubana, wadda na daɗe ina nema a tawa wayar ban samu ba. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Yana nan," ya kashe. Mutane suka watse zuwa mota, ban da wani malamin firamare da aka tura makarantar Tsallake, wanda ya ja dogon numfashi ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga baya na ji cewa kullum da jakarsa yake zuwa yana fatan a ce an rufe.

Direbanmu Danladi ne, mutumin Kudancin Kaduna da ya zo garin nan da ƙuruciya har furfura ta same shi a kan sitiyari. Yana gaida Gwarawa da yarensu, Fulani da nasu, mu kuma ya yi mana faɗa da namu idan muka tare masa madubi. Motarsa ta ɗauki abin da ƙauye zai lallaɓa da shi har kaka: gishiri, sabulu, kalanzir, taki, kwanon rufi a sama, da injin niƙan garinmu da aka kawo gyara, wanda aka ba kujerar gaba aka tura mu baya.

A irin wannan lokaci kowace mota ana ɗaukarta ita ce ta ƙarshe. Wata dattijuwa kusa da ni ta ce sau uku ke nan tana ban kwana da 'yarta da ke aure a gari, da kuka da yafe-yafe, kuma duk ranar kasuwa sai ga ta ta sake dawowa. Yanzu surukin nata ya daina rako ta tasha.

Da muka bar kwalta Danladi ya fara ba ni labarin ubana, kamar ban san shi ba. Ya ce 'yan kasuwa suna kai masa goro don ya bar hanya a buɗe, 'yan acaɓa suna kai masa goro don ya rufe, tunda idan mota ta daina zuwa hanyar tasu ce su kaɗai. Baba yana karɓar na kowa, ya sa wa kowa albarka, sannan ya faɗi abin da dutse ya ce.

"Anti," in ji Danladi, "ni da iyalina a kan idon Baba muke cin abinci. Idan ya ce in shigo, ko ruwan ba na dubawa."

Na ce masa ya dai riƙa dubawa, ido biyu sun fi ɗaya. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Mun isa mashigi rana ta take. Aka sauke mu, maza suka naɗe wanduna, mu mata muka tattare zannuwa. Na tsaya na ƙare wa dutsen kallo. Duk wannan suna da ya yi, bai wuce turmin da aka kife ba, kansa a waje kamar faɗin tafin hannu, wani tsuntsu ma ya yi masa kashi. Danladi ya sa giya ta ɗaya ya shiga a hankali, ruwa ya lashi tayoyi, ya fita ta ɗaya gaɓar yana hayaƙi.

Baba yana zaune ƙarƙashin ɗinya a tsallake, da tabarau, sanda a kan gwiwa. Ya ɗaga wa motar hannu bayan ta riga ta wuce shi. Na durƙusa na gaishe shi, sai da na yi magana fuskarsa ta juyo daidai inda nake. Ya ce ya hango ni tun daga can. Can ɗin da ya nuna da sanda babu komai sai kututture.

Matan da ke wanki a bakin ruwa suka taso muka gaisa. Cikin hira suka ce mini bana Baba ya zo da sabon salo, ya buɗe musu makaranta. Kowace safiya sai ya ce su faɗa masa yadda suka ga dutsen, ya ji ko sun iya. Idan sun faɗa sai ya ce haka ne, sun fara koya, sannan ya je ya buga waya. Su daɗi suke ji, har gasa suke yi. Ni kuwa na gane abin da ke nan, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

A gida matar yayana Sule ta kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa. Ban bari ya gama sauka ba na buɗe maganar. Maganin ɗigawa ya ƙare tuntuni, kwalbar ce kawai yake ajiye da ita a aljihu. Na ce jibi ne ranar aiki, gobe sai mu kama hanya. Ya ce idan ya tafi, wa zai rufe hanya? Na ce idan ya rufe, me za mu hau? Ya ce ai haka abin yake tun asali, shi bai taɓa ganin motar ƙarshe ta ciki ba. Na ce to ko an rufe mu ratsa ruwan da ƙafa, a riƙe shi, mu hau babur a tsallake. Nan ya cire tabarau ya ajiye.

"Ni da nake gaya wa mutane ruwa, ba za a ja ni cikinsa kamar akuyar kasuwa ba. Ina gani, Uwata."

A nan nasihar Malam Isuhu ta biyu ta faɗi ƙasa. Na faɗi maganganu. Wasu gaskiya ne, wasu kuma zafin rai ne, duka dai maƙwabta sun ji. Bayan la'asar Sule ya je ya zo da limamin gari, abokin wasan Baba tun suna yara. Liman bai yi wa'azi ba. Ya ce shi kansa da ƙafa ta dame shi ya bar wa na'ibi salla, kuma har yau bai ji an ce sama ta faɗo ba, balle dutsen da ko alwala ba ya buƙata. Suka yi ta ja har inuwa ta miƙe.

Kafin magariba aka tsayar da magana. Gobe Baba zai duba dutsen karo na ƙarshe, ya buga waya da kansa. Idan yana nan, Danladi zai zo, Baba ya shiga mota da ƙafarsa, ya miƙa wa Sule wayar. Idan ya nutse, to Allah bai yi ba, sai kaka. Na amince da sauri. Sama tas take ba ko gajimare, kuma da idona na ga faɗin tafin hannun nan.

Laraba: bakin rafi

Kafin asuba sama ta yi abin da ta ga dama. A garinmu ma ba wani ruwan kirki aka yi ba, yayyafi ne da ya jiƙa tsakar gida. Can cikin daji, inda rafin ya fito, nan ya zuba.

Bayan salla Sule ya tafi duba kunyoyin gonarsa, ni da Baba muka gangara. Shi ne a gaba, ƙafarsa ta san hanyar, sanda tana taɓa ƙasa kamar don ado. Tun daga nesa na ji ƙarar ruwan ta sauya. Da muka isa babu kowa. Ruwa ya yi ja, ba mai kawo wanki cikin wannan laka, don haka ɗaliban Baba duk suna gida.

Ya tsaya ƙarƙashin ɗinya ya fuskanci rafin. Ya gyara tabarau. Ya yi tari. Ya juya kunne wajen hanyar gari, ko zai ji takun mata. Mun daɗe a haka. Da ya yi magana, muryar ba ta malamin makaranta ba ce.

"Uwata, duba mini."

Na duba. Dutsen ya nutse, amma da ƙyar. Ruwan da ke kansa bai fi kaurin faifai ba, yana murɗawa a wurin, baƙin yana leƙowa ta ƙasa. Na ce a raina wannan ɗan abin mene ne a wurin Danladi, mutumin da ya san motarsa. Na ce gobe Alhamis. Na ce babu kowa a nan sai ni da Allah da tsohon da ba ya gani. Kalma biyu ce kawai, "yana nan," kuma na ji yadda ake faɗinta jiya a tasha. Ba zan ɓoye muku ba, har bakina ya buɗe a kanta.

Sai na tuna Danladi ya ce ba ya dubawa. Na tuna yadda ake cusa mu a bayan motar nan, ƙofa ɗaya, ita ma sai an buɗe ta waje. Ban san ko zai ƙetare ba. Wataƙila da ya ƙetare lafiya, har yau ban sani ba.

Na ce, "Ya nutse, Baba."

Ya gyaɗa kai. Akwai wani suri a gefen ɗinyar, nan ne kaɗai waya ke kamawa a duk bakin rafin. Ya hau shi ba tare da ya nemi hannuna ba, ya lalubi maɓallin da ya saba, ya kara a kunne. Ya ce, "An rufe." Na jiyo muryar Ciyaman can ciki yana cewa Allah ya kai mu kaka. Shi ke nan. Motocin gari guda suka juya, malamin firamare ya samu abin da yake roƙo, ni kuma na zauna daɓas a kan laka na fashe da kuka. Na ce masa da bakina na rufe masa ido.

Bai rarrashe ni ba, Baba bai iya wannan ba. Ya sauko ya tsaya yana sauraron ruwan. Kafin wani lokaci mutanen gari suka fara gangarowa, don ranar rufe hanya kowa yakan zo ya ga rafin da idonsa: Liman, Sule, matan wanki, dattijuwar nan mai ban kwana, wadda a ƙarshe kukanta ya yi amfani. Sai da wurin ya cika sannan Baba ya ce to, aiki ya ƙare, babu abin dubawa kuma sai kaka.

Ya juya sandarsa, ya riƙe kan, ya miƙo gindin. Bai miƙo daidai inda nake ba, ya kauce kaɗan wajen dama.

"Kama nan, Uwata. Mu je wurin likitan naki."

Matan wanki suka dubi juna, na ga lokacin da suka gane irin makarantar da suka yi. Na tashi na kama.

Sule ya ruga ya ɗauko jakunkunanmu ya ɗora a ka. Shi da wasu ƙarfafa biyu suka tsaya ta saman ruwa don su karya mana ƙarfinsa. Ruwan da sanyi, ya kai mini ƙugu, a tsakiya ya kusa ƙirji, yana jan zanina. Ni ce jagora, amma umarni daga baya yake zuwa: in yi hagu, akwai rami, in daina sauri, wa ya koya mini tafiya cikin ruwa haka. Har muka fita bai daina gyara mini ba, kuma bai saki sandar ba.

Laraba har yanzu: Tsallake zuwa Kaduna

A ɗaya gaɓar 'yan acaɓa sun riga sun jeru, labari ya same su kafin ya bushe a bakin Baba. Suka gaishe shi da ladabi, suka yi masa godiyar rufe hanya, sannan suka faɗa mana kuɗin damina. Wanda Baba ya ce ya fi kowa kawo masa goro, shi ya fi tsawwalawa. Muka hau babura biyu jiƙe sharkaf, muka sha santsi da kwatami, sau biyu ana sauke mu a tura.

Mun shiga Birnin Gwari bayan azahar. Gwaggo Asabe ta ba mu busassun kaya, ta kalli yayanta, ta kalli sandar da ke hannuna. Muka garzaya tasha don mu kama motar Kaduna ta ƙarshe, wadda na san sai la'asar take tashi. Babu ita. Da rani ne take jiran la'asar, don fasinjojin ƙauye su iso. A tsarin damina tun azahar take tafiya, kuma tsarin damina ya fara aiki da safiyar nan. Na juya kan Ciyaman zan sauke masa abin da na tara tun Litinin, ya ɗaga hannu biyu.

"Hajiya, ba ni ba ne. Baba ne ya juya mu."

Na dubi Baba ina jiran ya ji haushi. Mutumin nan murmushi yake yi. Ya sake tambaya ko da gaske tun azahar ta tafi, ba ta ƙara ko kaɗan ba. Aka ce ko kaɗan. Ya ce madalla, haka ake so, tasha tana da tsari. Ban taɓa ganin wanda mota ta bari yana alfahari ba sai ubana.

Ciyaman, don in faɗi alherinsa, shi ya tsayar mana da wata tsohuwar mota mai ɗaukar gawayi, ya sa aka ba mu gaba. Ba ta da gudu, ba ta da gilashi a gefena, amma tana tafiya. Muka bi ta Udawa da Buruku da sauran haske, sojojin shinge suna leƙowa su ga tsoho da baƙar fuska su yi masa sannu. Mun sauka Mando ana kiran magariba. Malam Isuhu ya buɗe mana ƙofa, ya ga yadda gawayi ya mai da mu, ya tambaye ni a hankali ko na yi faɗa. Na ce da direba dai ban yi ba.

Alhamis da bayanta

An yi aikin a ranarsa. Likita ya ce sun kama abin da ya rage, kuma abin da ya rage ba shi da yawa. Zai gane fuska idan ta matso, zai ga ƙofa, zai ga kwanon abincinsa. Abin da ya fi haka ya tafi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da mu. Na gode wa Gwaggo Asabe da fatenta, da Liman, da Sule da ya ɗauki kaya a ka, da mai motar gawayi da ban ma tambayi sunansa ba. Na gode wa Danladi, wanda har yau bai san abin da ya wuce ta kansa ba. 'Yan acaɓa kuwa sun riga sun karɓi godiyarsu a hannu.

Jiya da safe Baba yana zaune a tsakar gidana kan tabarma, na zo da kwalbar magani zan ɗiga masa. Ya kama wuyan hannuna ya riƙe.

"Uwata, ran nan a bakin rafi, da kin ce mini yana nan, da na kira Danladi."

Na ce na sani, Baba. Ya daɗe bai saki hannun ba. Sannan ya saki, ya ɗaga fuskarsa sama, ya buɗe idon ya bar ni na ɗiga.